Yadda ake sake duba matsayin ruwan tabki, daga bakin ruwa zuwa teburin hukuma

Ma'aikatan komin, shugabannin ƙungiyoyin noman rani da ɗaliban jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua sun sha aiko da tambaya iri ɗaya: da me ake dogara a ce ruwan tabki kaza ya dace da ban ruwa, ko shayar da dabbobi, ko kiwon kifi? In kuma an taɓa ba shi matsayi shekarun baya, ta yaya ake sake dubawa? Ga matakan bi da bi. Aikin shekara guda ne cur, domin tabki irin na Tabalak ko Dan Doutchi ba ruwa ɗaya ba ne a watan Agusta da watan Mayu. Wanda ya ce zai gama da kwalba uku cikin mako biyu, labarin yini ɗaya kawai zai kawo muku.

1. Tara takardu, ku san hurumin kowa

Kafin a sayi ko kwalba ɗaya, a nemo Dokar Ruwa ta ƙasa, wato doka mai lamba 2010-09 ta 1 ga Afrilu 2010, da dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998. A je ma'aikatar ruwa ta jiha da ta muhalli a roƙi duk tsohon awon da aka taɓa yi wa tabkin, ko da takarda biyu ce. Tabalak da Dan Doutchi suna cikin jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare dausayi, tun 2005, don haka ma'aikatan gandun daji suna da ta cewa a kansu, a sa su tun ranar farko.

Gargaɗi: komin ko ƙungiya tana iya auna ruwa ta kawo shawara, amma mayar da shawarar ƙa'ida mai tilasta wa kowa aikin hukumomin ƙasa ne. Kada a buga allo a bakin tabki da sunan doka alhali takardar ba ta fita daga ofishin komin ba.

2. Rubuta wa ke amfani da ruwan, da yaushe

A zagaya tabkin da ƙafa tare da wakilin maigari, da masunci, da makiyayi, da mace ɗaya ko biyu daga masu ɗibar ruwa. A zana taswira ko da hannu ce, a sa alama a mashayar dabbobi, wurin wanki, wurin da yara ke iyo, bakin tiyon injinan ban ruwa, lambunan albasa da tumatir, wurin buga tubali, bola, da bakin kowace ƙorama da ke zubowa. A gefen kowanne a rubuta watannin da ake aikin.

A tambayi mata kai tsaye ko ana shan ruwan. A taron maza za a ce muku kowa famfo yake sha, amma ranar da famfo ya lalace ko layi ya yi tsawo, jarkoki tabki suke nufa. Idan gida goma kaɗai ke sha wata biyu a shekara, sha ya shiga lissafi.

3. Zaɓen wuraren ɗiba

Ga tabki matsakaici wuri huɗu sun isa: bakin babbar ƙoramar da ke cika shi, tsakiya inda ya fi zurfi, mashayar dabbobi, da inda mutane ke ɗiba ko injina ke ja. Tabki mai tsawo da ke rabuwa gida-gida da rani, kowane ɓangare a ɗauke shi kamar tabki mai zaman kansa. A madatsa irin na kwarin Maggia ko na yankin Keita, a ƙara wuri ɗaya a mafitar ruwa zuwa gonaki.

Kowane wuri a ba shi lamba da ba ta canzawa, a ɗauki GPS ɗinsa da waya, a ɗauki hoto ta fuska biyu. Bakin ruwa yana ja da baya ɗaruruwan mita da rani. In haka ta faru a bi ruwan a miƙe daga tsohon wurin, a rubuta sabon GPS, lambar ta zauna yadda take.

Gargaɗi: kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗiba inda mota ke iya tsayawa. Nan ne galibi ake wanke babura da shanu, sai sakamakon ya ɓata sunan tabkin duka.

4. Tsara ranaku

Sau ɗaya kowane wata, wata 12, a mako ɗaya na wata kuma a sa'a ɗaya ta safe. In kuɗi ba su kai ba, kada a sauka ƙasa da zagaye shida, kuma waɗannan huɗun ba a tsallake su: kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan farko mai ƙarfi da ya wanko kashin dabbobi da shara; tsakiyar malka a Agusta; Janairu ko Fabrairu, lokacin da taki da maganin ƙwari suka fi yawa a lambuna; da ƙarshen bazara, Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da ruwa ya ƙafe ya bar gishiri da gansakuka.

Wanda ke aiki a kogin Isa a Yamai, kalandarsa daban ce: jan ruwan damina na Agusta da Satumba, cikar da ke isowa daga Gine tsakanin Disamba da Fabrairu, sai ƙarancin ruwa na Mayu da Yuni.

5. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Na bakin ruwa: na'urar auna pH (tsami ko kanwar ruwa), na'urar auna gishiri wadda ake kira kondiktimeta, na'urar auna iskar oksijin, da bututun auna dagulewa. Sau da yawa ukun farko suna zuwa a jaka ɗaya. Tare da su dole a sayi ruwan saiti: na pH 4 da 7 da 10, da na gishiri mai 1413 µS/cm (µS/cm shi ne ma'aunin da kondiktimeta ke nuna gishiri da shi). Na ɗiba: kwalabe masu tsabtar asibiti na mililita 250 ko 500 don ƙwayoyin cuta, kwalaben roba na lita ɗaya don sinadarai, kwalaben gilashi masu duhu na lita ɗaya don maganin ƙwari, akwatin ƙanƙara biyu, sanda mai mita biyu zuwa uku da maɗaurin kwalba, safar hannu, dogon takalmin roba, alƙalamin da ba ya gogewa, da littafi mai bango mai ƙarfi.

Kuɗi kuwa da ƙidaya ake fara shi. Wuri 4 sau wata 12 ya ba da ɗiba 48. A ƙara kashi 20 cikin 100 na kwalaben gwajin gaskiya, waɗanda za a yi bayaninsu a mataki na 6, ya zama wajen 58. Da wannan adadin ake zuwa labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a nemi takardar farashi a rubuce, gwaji ɗaya-ɗaya, kafin a rubuta kasafi. Awon bakin ruwa kusan ba ya cin komai bayan sayen na'ura. Na ƙwayoyin cuta da nitrat (sinadarin da taki da ƙazanta ke sa wa ruwa) matsakaici ne. Na ƙarafa masu guba da na maganin ƙwari su ne masu cinye jaka, saboda haka ba a yin su kowane wata: sau biyu ko uku a shekara, a wuri biyu, a lokacin da aka fi zarginsu. Abin da ake yawan mantawa a kasafi shi ne man mota, hayar kwalekwale, ƙanƙara, batura, da kuɗin aika kaya Yamai. Waɗannan ƙananan su ke tsayar da aiki a wata na biyar.

Gargaɗi: ruwan saiti yana lalacewa a zafin Tahoua. A ajiye shi a inuwa, a rubuta ranar buɗewa a jikinsa, kuma kada a mayar da wanda aka zuba cikin kwalbarsa.

6. Ɗibar ruwan

Nan ne ake cin aikin ko a zubar da shi, domin labo ba ya gyara kwalbar da aka ɓata a bakin ruwa.

A rubuta lambar wuri, rana da sa'a a jikin kwalba tun tana busasshiya. A shiga ruwa a hankali, ko a miƙa sanda daga kwalekwale, har inda zurfin ya kai aƙalla rabin mita. In ƙafa ta tayar da laka, a tsaya ta kwanta, sannan a miƙa hannu gaba zuwa inda ba a taka ba. A kogi ko ƙorama a fuskanci inda ruwa ke fitowa.

Kwalbar ƙwayoyin cuta ita ce ta farko. Ba a ɗauraye ta. A buɗe ta a daidai lokacin, murfin yana hannu bakinsa na kallon ƙasa, kada yatsa ya taɓa ciki. A kifa kwalbar, a nutsa ta santimita 20 zuwa 30, sannan a juyo bakinta ta cika. A rage ruwan ya bar sarari kamar yatsa biyu don a iya girgizawa a labo, a rufe, a sa cikin ƙanƙara nan take.

Kwalbar sinadarai akasin haka ce: a ɗauraye ta sau uku da ruwan wurin, ana zubar da ɗaurayar can gefe, a cika ta fal ba iska. Ta ƙarafa ana ɗiga mata asid nitrik har pH ya sauka ƙasa da 2; gara labo ya ba ku kwalbar da asid ɗin a ciki, kuma irin wannan ba a ɗauraye ta, ba a bari ta yi ambaliya. Ta maganin ƙwari gilashi ce kawai, domin roba tana tsotse maganin sai awo ya nuna babu.

Cikin kowace ɗiba goma a yi gwajin gaskiya iri biyu. Na farko tagwaye: kwalba biyu daga wuri ɗaya a lokaci ɗaya, a ba ta biyun lambar da labo bai san ta ba. Na biyu kwalbar wofi: a zo da tataccen ruwa daga labo, a juye shi cikin kwalba a bakin tabki, ya yi tafiya tare da sauran. In tagwaye suka yi hannun riga, ko aka ga ƙwayoyi a kwalbar wofi, sakamakon wannan rana abin tuhuma ne.

Gargaɗi: kada a ɗiba da guga ko ƙwaryar masu wanki a juye. Kada kuma a shiga ruwa da ƙafa tsirara. Tsargiya ta fata take shiga, kuma ba ta tambayar mai digiri.

7. Awon da ba ya jira

Zafi, pH, gishiri, oksijin da dagulewa a wurin ake auna su. A saita na'urori da safe kafin fita, a rubuta abin da suka nuna. A bar kan na'ura cikin ruwa har lamba ta daina motsi.

Oksijin yana da wayo. Da rana gansakuka na fitar da shi, da dare ta shanye, don haka tabkin da ya nuna miligiram 9 a lita da la'asar yana iya sauka ƙasa da 2 da asuba, lokacin da kifi ke tasowa sama yana haki. In ana son a san ko ruwa zai riƙe karfasa, a auna kafin fitowar rana, musamman a bazara. A tuna kuma ruwan ɗumi ba ya riƙe iska da yawa: a digiri 30 cikarsa wajen miligiram 7.5 ne a lita, a digiri 20 wajen 9. Haka pH yake haurawa sama da 9 da rana a ruwa mai kore.

Jan ruwan damina yakan wuce ƙarfin na'urar dagulewa. A surka kashi ɗaya da tataccen ruwa kashi tara, a ninka sakamakon sau goma. A littafi a ƙara abin da ido ya gani: launi, wari, mataccen kifi, kacalla ko kainuwa, katantanwa a jikin ciyawa, yawan garke, da ranar ruwan sama na ƙarshe.

8. Hanyar labo

Kwalbar ƙwayoyin cuta a fara aikinta cikin awa 6. In ta wuce awa 24 a zubar. Tsakanin Tahoua da Yamai ya haura kilomita 500, saboda haka wannan gwajin a cikin jiha ake yin sa, a labon ma'aikatar ruwa ko da akwatin gwaji na tafi-da-gidanka mai batir. Na ƙarafa, in an sa asid, yana jure watanni, ban da zaiba da ba ta wuce kwana 28. Su da na maganin ƙwari ana iya aika su Yamai, wurin LANSPEX, labon ƙasa na lafiyar jama'a, ko labon jami'ar Abdou Moumouni, bayan an kira an tabbatar suna yin gwajin a lokacin. Na maganin ƙwari ya isa cikin mako guda, a sanyi.

Ruwan tabki yana toshe matatar gwaji kuma ƙwayoyinsa sun yi yawa a ƙirga. A gaya wa labo ruwan tabki ne, su tace mililita 10, da 1, da surkakke, don a samu faranti mai ɗigo 20 zuwa 80. Sakamakon da ya ce "sun fi ƙirga" ba ya ba da damar yanke wa ruwan aji.

Gargaɗi: ɗan gwajin nan mai baƙanta ruwa in akwai ƙazanta na rijiya da famfo ne. A tabki kullum zai yi baƙi, asarar kuɗi ce. Kuma in wuta ta ɗauke na'urar ɗumamawa ta sauka daga digiri 44, a sake gwajin.

9. Fitar da lamba ɗaya daga goma sha biyu

Kada a yi matsakaici. Wata goma masu kyau suna ɓoye wata biyu da yara ke zawo. A jera sakamakon kowane wuri daga mai kyau zuwa mafi muni, a ajiye mafi munin gefe, a ɗauki mai bi masa. Misali, a ɗauka ƙwayoyin E. coli, masu nuna ƙazantar bayan gida, a mililita 100 sun ba da 90, 120, 150, 200, 260, 300, 410, 500, 650, 800, 2400, 9000. Matsakaicinsu 1240 ne, lambar da ba ta faɗi komai ba. Lambar aiki ita ce 2400, kuma ta nuna matsalar ta wata biyu ce, sai a koma littafi a ga waɗanne. Ga oksijin, na biyu daga ƙasa ake ɗauka. In zagayen bai kai goma ba, mafi munin ake ɗauka ba ragi. Dalma, zaiba, arsenik ko maganin ƙwari kuwa, ko sau ɗaya suka wuce iyaka a koma a sake ɗiba cikin makon.

Gargaɗi: a duba ma'auni kafin a kwatanta. Wani labo yana rubuta nitrat gaba ɗayansa, wani yana rubuta azot (nitrojin) ɗin da ke ciki kaɗai. Miligiram 50 na farko daidai yake da 11 na biyu. Haka a awon gishiri 1 dS/m shi ne 1000 µS/cm. An sha wanke ruwa mai laifi saboda wannan.

10. Ba da aji, aiki-aiki

Ya fi amfani a ba kowane aiki hukuncinsa, maimakon a ce tabki "mai kyau" ko "marar kyau".

Sha: babu tabkin da ake sha kai tsaye. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne babu E. coli ko ɗaya a mililita 100. Abin tambaya shi ne ko ruwan zai tatu. Alif da ruwan jabel suna maganin laka da ƙwayoyi, amma ba a dogara da su wajen cire nitrat da ya wuce miligiram 50 a lita, ko fuloraid sama da 1.5, ko arsenik da dalma sama da 0.01. Jabel ma ba ya aiki sosai sai dagulewa ta sauka ƙasa da 5 a ma'auninta na NTU.

Ban ruwa: a ma'aunin gishiri na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasa da 700 µS/cm ba damuwa, 700 zuwa 3000 sai da lura, sama da 3000 haɗari ne ga ƙasa da shuka. Albasa tana cikin shukokin da ba sa jure gishiri, don haka mai albasa ya fara sa ido tun lamba na kusantar 1000, ba sai ta kai 3000 ba. Ga abin da ake ci ɗanye, salati, karas, tumatir, iyakar da aka saba aiki da ita ƙwayoyin bayan gida 1000 ne a mililita 100.

Dabbobi: ƙasa da 1500 µS/cm lafiya lau, har 5000 shanu da awaki suna sha, daga 5000 zuwa 8000 bai dace da kaji ba. Amma koren kumfa mai kama da fenti a bazara yana iya kashe dabba ko gishiri bai kai ko'ina ba. In an gan shi, a kauda garke daga wannan gefen.

Kifi: oksijin miligiram 5 a lita zuwa sama, pH tsakanin 6.5 da 9. Tarwaɗa tana jure ƙasa da haka domin tana shaƙar iska a sama, saboda haka ganin tarwaɗa ba shaidar lafiyar ruwa ba ne.

Iyo da wanka: Tarayyar Turai tana kiran ruwan cikin ƙasa mai kyau in E. coli bai wuce 1000 ba. Sai dai wannan lambar ba ta ganin tsargiya. A tambayi likitan yankin ko yara suna fitsarin jini, a haɗa da abin da aka rubuta kan katantanwa.

A kowane aiki, awon da ya fi muni shi ke yanke aji. A rubuta layi biyu: halin da ruwan ke ciki yau, da matsayin da ake son ya kai. In tsohon matsayi ya fi na yau kyau, ba a sauke burin don ya dace da ƙazantar. Ana rubuta abin da ya ɓata shi da wanda zai gyara. Ana sauke buri ne kawai in dalilin daga ƙasar wurin yake, kamar kanwa ko jar laka ta asali.

11. Zama da jama'a da miƙa takarda

Kafin takarda ta tafi jiha, a kira zama a garin: sarki ko wakilinsa, kwamitin filaye na komin, masunta, masu lambu, makiyaya har da masu wucewa, da mata. A yi bayani da Hausa da Tamashek da Fulatanci gwargwadon mahalarta, da taswira mai launi uku maimakon tebur na lambobi. A saurari gyara. Masunci yakan san ramin da ke wari a Mayu wanda ba ya cikin wurarenku huɗu.

Gargaɗi: kada sakamakon ya zama sandar korar makiyaya. Dokar kiwo ta 2010 ta kare haƙƙinsu na isa ga ruwa. In mashaya ce ke ɗaga ƙwayoyi, maganin shi ne raba mashaya da wurin ɗiba, ko gina kwalo nesa da baki, ba shinge ba.

Takardar ta ƙunshi taswira da GPS, duk sakamakon ɗanye har da waɗanda aka yi watsi da su da dalilin watsin, hanyar lissafi, ajin kowane aiki wata-wata, matakan gyara da sunan ofishin da kowanne ya rataya a wuyansa, da takardar zaman jama'a mai sa hannu. Kofi ɗaya ga ma'aikatar ruwa, ɗaya ga ta muhalli, ɗaya ga ta lafiya, ɗaya ya zauna a komin tare da littafin bakin ruwa. A shafin ƙarshe a rubuta shekarar da za a sake dubawa. Amurka tana yi duk shekara uku, Tarayyar Turai duk shekara shida. Ga tabkin komin biyar ta yi, sai dai in an yashe shi, ko an buɗe sabon filin noman rani, ko kifi ya mutu da yawa, to a wannan shekarar ake komawa mataki na 2. Tsakanin haka a ci gaba da auna gishiri da oksijin sau biyu a shekara, Satumba da Mayu, a wuraren nan masu lamba.